Yadda Filin Asibiti Ya Haɗiye Ciyaman

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka zo duba filin asibitin unguwarmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Unguwar Kanya ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga wajen suna ko ɗaurin aure sai na kama wani yana kallon ƙafafuna yana danne dariya.

Ni ɗan kasuwa ne, siminti da rodi da kwanon rufi nake sayarwa a Kontagora. Lokacin da na sayi fuloti a wajen gari, ta bakin hanyar Rijau, wurin duk gonakin dawa da masara ne, sai wata tsohuwar bishiyar kanya a kan tudu. Abokaina na kasuwa sun sha yi mini tsiya, wai na gaji da zama da mutane na koma zama da birai. Ban kula su ba, na gina gida, na buɗe shago a gefen titi. Ba a daɗe ba gari ya biyo ni. Ma'aikata suka zo, 'yan kasuwa suka zo, sannan mutanen ƙauyuka daga wajen Kumbashi da Rijau, wasu neman sana'a, wasu kuma zaman ƙauyen ne ya gagare su. Kafin ka ce me, gonaki sun zama gidaje, kuma kusan kowane gida da simintina aka ɗora shi. Wannan ya sa nake ji a raina ni ne uban unguwar (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina).

Sai dai unguwa ce da ta tashi ba tsari. Kowa ya ja katangarsa inda ransa ya so, har wasu lungunan mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Babu makaranta, babu kasuwa, ruwa sai na masu kura, asibiti kuwa sai cikin gari. Haihuwar matata Hajara ta ƙarshe, ana tsuga ruwan sama, mai keke mai ƙafa uku ya zo ya kasa shiga lungunmu, sai tallabo ta mata suka yi har bakin titi. Allah ya kiyaye, amma akwai waɗanda ba su yi irin sa'armu ba. Saboda irin waɗannan abubuwa muka kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, aka zaɓe ni ciyaman ba hamayya. (A ƙofar shagona ake taron, bencinan ma nawa ne, to wa zai yi hamayya?) Sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Idan aka ce "Ciyaman" sai na ɗan jinkirta kafin in waiga, don a sake faɗa.

Ana nan sai ga Ishaya. Ishaya mutumin Dukku ne ta wajen Rijau, tare muka yi firamare lokacin da mahaifinsa ya kawo shi gari wajen kawunsa. Ɗan tsurut ne a lokacin, ba ya magana, ni kuwa ni ne monita, har lissafina yake kwafa. Bayan firamare ni na kama shagon mahaifina, shi ya ci gaba da karatu, ya yi aiki a Minna a ofishin da ke kula da filaye da tsara gari har ya yi ritaya, ya dawo ya gina ɗan madaidaicin gida a unguwarmu, shi da matarsa Saratu. Wallahi na yi murna da zuwansa, murna ta gaskiya. Da kaina na ja hannunsa zuwa taron ƙungiya, na gabatar da shi, har ina cewa yarona ne a makaranta. Shi ma ya yi dariya ya ce haka ne, don har yanzu da Monita yake kirana.

Da na san abin da zai biyo baya, da na bar shi a gida yana shan iska.

A taron farko bai yi dogon jawabi ba, tambayoyi kawai ya yi, a hankali, kamar mai neman a ƙara masa sani. Ya ce yaran nan da ke yawo a lungu, ina za a gina musu makaranta idan filaye suka ƙare? Idan aka yi rasuwa, Musulmi ko Kirista, ina za a kai mutum nan da shekaru masu zuwa? Ruwan saman da gonaki ke shanyewa a da, yanzu da ko'ina ya zama kwano da siminti, ina zai bi? Ni kaina na jinjina kai, na ce a raina yaron nan ya yi karatu.

Daga nan fa abu ya fara. Ishaya ya riƙa zagaya unguwa da ƙafa, gida gida, yana lallashin mutane. Ya sa masu sabon gini suka ja katangunsu baya don keke da motar asibiti su iya wucewa. Bohol ɗin da muka yi niyyar haƙawa a tsakiyar gidaje, ya ce ya yi kusa da ramukan masai, aka mayar da shi sama. Ya roƙi a bar wa Fulani burtalinsu, ya nemo wani kusurwar fili da mata za su riƙa kasa kayan miya. Sai ka ga liman da fasto a kan benci ɗaya sun zuba masa ido suna gyaɗa kai. Mutane suka laƙaba masa Injiniya. Shi da bakinsa ya ce shi ba injiniya ba ne, amma ba wanda ya saurara, sai ni na ɗauki nauyin tunatar da jama'a wannan gaskiyar duk inda na zauna, ba tare da kowa ya sa ni ba.

Ko'ina ka juya, "Injiniya ya ce." A masallaci, a wajen mai nama, a bakin bohol. A teburin mai shayi, da can idan na iso ni ake matsa wa, yanzu idan ya iso har ni ake cewa in ɗan matsa. Na fara lura da aibobinsa waɗanda ban taɓa gani ba: yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, da silifas ɗin robar da yake yawo da su kamar ba ɗan fansho ba, da yadda ba ya taɓa ɗaga murya, wanda na yanke hukuncin cewa salon yaudara ne. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na ce zan haƙa ramin shara a bayan gidana, Hajara tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ka tambayi Injiniya kuwa?" A gidana, ramin sharata. Ranar na ƙi cin tuwo.

Ban taɓa kiran abin da sunansa ba a lokacin. Idan zuciyata ta yi zafi sai in ce kishin unguwa ne, ina tsoron kada baƙo ya ɓatar da mutane. (Baƙon da muka ci ƙosai a takarda ɗaya da shi muna yara.)

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji tare da ƙaramar hukuma za su gina ƙaramin asibiti mai ɗakin haihuwa a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin gari. Sharaɗinsu ɗaya ne, unguwa ta ba da fili mai kyau. Ba mu kaɗai ke nema ba, akwai wasu unguwannin da suka sa rai. Muka kira taron gaggawa, ya cika har kan titi. Ishaya ya miƙe ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce ya riga ya yi magana da Baba Gado, wani dattijo Bakambare wanda yawancin filayen unguwar a hannun danginsa muka saya, kuma ya yarda ya ba da gonarsa ta kan tudu, kusa da kanya, kyauta. Ya ce wurin tsandauri ne, ruwa ba ya kwanciya, hanya na iya kaiwa ta ɓangare biyu, ga bohol kusa. Baba Gado na zaune da sandarsa ya ce haka ne, surukarsa ta taɓa rasa ɗa a kan hanyar zuwa gari, ba ya so a sake.

Aka ɗauki tafi. Ni ma na tafa, da yatsu biyu. Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Sai wani daga baya ya ce idan asibitin ya samu, hanyar da za ta kai wurin a sa mata sunan Injiniya. Jama'a suka ce ƙwarai kuwa. Ni da na zo wurin nan tun ana korar birai, ko lungu ba a taɓa cewa za a sa wa sunana ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa akwai filin da ya fi wannan, wato filin unguwa da ke bayan shagona, shimfiɗaɗɗe, ga faɗi, ga shi dab da titi, mara lafiya ba sai ya hau tudu ba. Gaskiyar magana, kafin wannan minti ban taɓa tunanin filin nan ba ko a mafarki. Ishaya ya dube ni da mamaki, ya ce, "Monita, ai wurin nan hanyar ruwa ce. Tsohon kududdufi ne, shara da yashi suka cike shi." Ya ƙara da cewa gara a bar shi ruwa ya riƙa bi, a dasa itatuwa a gefe, da rani matasa su buga ƙwallo.

To ga abin kunyar: na san kududdufi ne. Ni na fara haƙa shi. Ƙasar da na yi katangar gidana ta farko daga nan aka ɗebo ta. Amma a gaban jama'a, da hular ciyaman a kaina, sai na ce na zauna a unguwar nan tun shi bai san hanyarta ba, kuma ƙasa ba a takarda ake saninta ba, a tafin ƙafa ake saninta. (Ku riƙe wannan maganar, ni ma an riƙe mini ita.) Aka nemi ra'ayin jama'a, kowa ya bi tudu, in ban da masu yi mini dako biyu da suka ɗaga hannu suna kallon ƙasa. Duk da haka na yanke hukunci a matsayina na shugaba cewa za a nuna wa baƙin da za su zo dubawa filayen duka biyu, su zaɓa.

Washegari Ishaya ya same ni a shago shi kaɗai. Ya zauna a kan buhun siminti ya ce shi ba ya neman suna, idan ina so ni in gabatar da filin tudun da bakina, shi zai koma baya ya yi shiru. Ya ce tsoronsa kada baƙin su ga kanmu a rabe su wuce wata unguwar. Maganarsa gaskiya ce tsantsa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Wato har sadakar suna zai ba ni? Na kara waya a kunne na yi ta magana da mutumin da babu shi, har ya gaji ya yi mini sallama.

Daga nan na shiga aiki. Na sa tifa ta yi ta kawo jar ƙasa ana zubawa a filin, lebura suka baje ta, suka daddaɓe. Aka yi sa'a (ko rashinta) ruwa ya ɗan ɗauke kwanakin, rana ta gasa wurin ya yi jawur, sumul, gwanin sha'awa. Kullum da yamma sai in tsaya a bayan shago in riƙe ƙugu ina kallonsa, ina hango allo da sunana a jiki. Hajara ta zo ta gani, ta ce, "Alhaji, asibiti ake nema ko suna?" Na ce mata harkar gini ba ta mata ba ce. Ta ce haka ne, amma harkar naƙuda tasu ce, ta juya ta tafi.

Ana saura kwana biyu baƙi su zo aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na fita duba filin, sai na ga rana ta fito, zuwa la'asar saman filin ya bushe ya koma yadda yake. Na taka bakinsa, na ji ƙasa daram. Abin da ban yi tunani ba shi ne bakin filin dama can ba rami ba ne. Ban shiga tsakiya ba, don kada sawuna ya ɓata kwalliyar.

Ranar ta zo. An kafa rumfuna, an jera kujeru, matan coci sun zo da gangunansu, matan Islamiyya sun yi anko, mai unguwa da liman da fasto da Baba Gado duk suna nan. Ni kuwa na fito cikin sabuwar farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha sitati ta sha bugu, tana ƙara idan na motsa. Takalmi sabo, hula sabuwa, turare kamar an fasa kwalba. Ishaya na gefe da 'yar rigarsa ta kullum.

Shirin da aka yi shi ne a fara kai baƙi tudu. Amma shagona ne farko idan ka fito daga gari, don haka na tsaya a bakin titi, motarsu na isowa na ɗaga hannu na karkatar da ita bayan shago. Dole jama'a suka baro rumfuna suka biyo mu, har da masu ganga. Shugabar tawagar wata likita ce, doguwa, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a, kowa na ce mata Dakta. Tare da ita akwai maza biyu masu igiyar awo. Na yi musu barka da zuwa, na gabatar da kaina da duk muƙamaina, na fara jawabi. Na yabi faɗin filin, na yabi kusancinsa da titi, na ce wasu masu ilimin takarda za su ce muku wurin nan ruwa ne, amma mu da muka san ƙasa mun san abin da muka taka.

Dakta ta dubi jar ƙasar, ta dubi ciyawar da ke kewaye da ita, irin doguwar nan mai son danshi, ta tambaya ko ruwa na kwanciya a wurin. Na ji Ishaya ya yi gyaran murya a bayana. Wannan gyaran muryar ce ta tunzura ni. Kafin ya buɗe baki na ce, "Ranki ya daɗe, filin nan ko tirela ce ta hau ba za ta san ta hau ba. Bari ki gani."

Na tattara babbar riga na saɓa a kafaɗu, na taka cikin filin da tafiyar ƙasaita. Farko lafiya. Da na ƙara nisa na ji ƙasar tana ɗan lotsawa kamar katifa, amma na ce a raina sabon takalmi ne. Na isa tsakiya, na juyo na fuskanci jama'a, na ɗaga ƙafar dama na buga da ƙarfi don su ji amon ƙasa. Amon da ya fito ba shi nake jira ba. Wani irin sauti ne kamar an zare muciya daga tukunyar tuwo. Ƙafar ta shige har ƙwauri. Na yi sauri na dogara da ta hagu don in zaro ta, ita ma ta bi 'yar uwarta.

Mai hankali a nan zai nemi taimako. Ni sai na ci gaba da jawabi. Na saki babbar rigar ta sauko ta rufe ƙafafun, na ɗaga hannu ina nuna inda ɗakin haihuwa zai zauna, da inda za a yi wurin ajiye motoci, ina murmushi, alhali ina jin sanyin taɓo yana hawa gwiwata. Duk motsin da na yi sai in ƙara yin ƙasa. Rigar da ta sha sitati ba ta nutse ba, sai ta baje a kan jar ƙasar ta kewaye ni, na zama kamar kaza a kan ƙwai. Wani baƙin ruwa mai wari, na sharar shekara da shekaru, ya fara ɓuɓɓugowa ta gefena. Masu ganga suka tsaya. Ba ka jin komai sai muryata tana ƙara siririya.

Dakta ta zare tabarau ta goge, ta mayar, ta ce, "Alhaji, idona ne, ko gajarta kake yi?"

Wata mata ce ta fara fashewa da dariya, daga nan kowa ya saki. Na ga liman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ga mai unguwa ya cusa bakin rawani a baki. Na ga wayoyi sun tashi sama ta ko'ina. Na hango Hajara cikin matan Islamiyya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Lokacin taɓo ya kai mini ƙugu, kuma tsoro na gaske ya shige ni, don ƙafata ba ta taɓa komai a ƙasa. Na daina maganar wurin ajiye motoci na koma salati.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ishaya ya ruga shagona ya sa aka kwaso katakai, ya shimfiɗa su a kan taɓon, ya hana kowa matsowa don kada a ƙaru, ya kwanta rub da ciki ya rarrafo har inda nake. Ya ce in daina shure-shure, in kwanto gaba in kama wuyansa. Na kama wuyan mutumin da na yi wata da watanni ina yi wa fatan tuntuɓe. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, maza suka ja shi, shi ya ja ni. Taɓon ya riƙe, suka ƙara ƙarfi, sai na ji wani abu ya tsinke a cikina. Zariyar wando ce. Na fito sumul kamar an zare rogo, amma wando da takalma sun ce su ba inda za su.

Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro babbar riga albarka. Sai dai tawa ta jiƙe ta manne, ta naɗe a ƙirji wajen ja, 'yar cikin kuma telana ya ɗan gajarta ta wai yayi ne. Na tsugunna a kan katako na dunƙule, ina jan riga ƙasa da hannu biyu. Saratu matar Ishaya ce ta yi saurin kwance zanen da ta yafa a kan na jikinta, ta miƙa wa mijinta, ya ɗaura mini. Atamfa ce mai ruwan ɗorawa da manyan furanni. Haka ciyaman ya miƙe a gaban baƙi, ba hula, ba takalmi, da zanen matan coci a ƙugu.

Da dariya ta lafa sai abin da ya fi taɓon nauyi ya sauko mini. Dakta ta duba agogo, ta ce wa mai unguwa idan irin filin da muke da shi ke nan, suna da sauran unguwanni da ke jiransu. Masu igiyar awo suka nufi mota. Na dubi matan da suka sha anko tun safe, dariyar ta ɗauke daga fuskokinsu. Wato saboda allon da nake hange, zan jawo wa unguwa guda asarar asibiti.

Ishaya, da taɓo har gemu, ya sha gabansu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Ciyaman ya fara kawo ku nan ne don ku gani da idonku inda ruwan unguwar nan yake taruwa. Filin asibitin yana sama." Ba na jin Dakta ta yarda da wannan bayani, don ta daɗe tana kallona daga furannin zane har zuwa tafin ƙafa. Amma ta ce tunda ta fara aikin nan ba a taɓa yi mata bayani mai gamsarwa irin wannan ba, a je a ga na saman. Jama'a suka ɗunguma zuwa tudu, masu ganga suka ci gaba. Ni na bi ta lungu na nufi gida, ina tafe zane na harɗe ni, don ban iya tafiya da shi ba. Hajara ta riga ni isa, ta ɗora ruwan zafi. Sai da na shiga wanka na jiyo ta a tsakar gida tana dariya har da tari.

Na kwanta zazzaɓin ƙarya na kusan mako. Hoton kuwa ya zaga wayoyin Kontagora, har wani abokin cinikina ya kira daga Rijau yana tambayar ko tirelar ta fito. Ishaya ya zo duba ni, ya zauna a zaure yana ba ni labarin yadda baƙin suka yaba da tudun, bai ko ambaci taɓo ba. Ya ce idan aka fara gini ana bukatar wanda ya san siminti mai kyau da bulo mai kyau ya sa ido, kuma duk unguwar ba wanda ya kai ni. Na kasa haƙuri na tambaye shi me ya sa ya rufa mini asiri bayan duk abin da na yi. Ya ce shi asibiti yake so, kunyata ba za ta yi wa kowa allura ba. Na yi masa godiya, har idona ya kawo ruwa. Amma tunda gaskiya na zauna faɗa, yana fita na ji wani ɗan zafi a ƙirji: wato har a kirki ma sai da mutumin nan ya fi ni.

An gina asibitin a kan tudu, yana aiki, ni na tsaya a kan kowane buhun siminti da ya shiga ginin. Filin bayan shagona an yi masa magudanar ruwa, an dasa darbejiya a gefe, da rani ana buga ƙwallo a kai. Wandona yana can ƙasa, wajen tsakiyar fili, ban aika a nemo ba. Har yanzu ni ne ciyaman. Na nemi in sauka, jama'a suka ƙi, wai taro ba ya armashi in ba ni.

Hassadar ba ta tafi duka ba, ƙarya ne in ce ta tafi. Idan Ishaya ya miƙe a taro ya yi gyaran murya, nakan ji ta motsa. Abin da na koya shi ne, da ta motsa sai in nemi benci in zauna, in bar mutum ya gama maganarsa, don duk inda ta ce mini in je in tsaya, yanzu na san ba ta duba ƙasan wurin ba. Idan kuma ya zama dole sai na yi gardama da wanda ya fi ni sani, to sanda nake fara aikawa ta taka wurin, ni ina daga baki. Zariya kuwa, tun daga ranar, ƙulli biyu nake yi mata.